Katako Ma Yana Hawa Hanya

A Matameye da ƙauyukan da ke cin kasuwarta akwai wata magana da ta zauna daram a bakin mutane, har an daina tambayar hujjarta. Cewa ake yi duk abin da zai hau taya ya bi hanya, to aikin ƙarfe ne. Katako na ƙofa ne da benci da gadon amarya. In wani ya kawo shawarar a yi wa amalanke rumfa mai baka da itace, sai a yi masa murmushin manya a ce, “Yaro, icce ba ya jin lanƙwasa. In bai karye a hannun kafinta ba, zai karye kafin a kai Kance.” Masu wannan magana ba mutanen banza ba ne. A cikinsu akwai masu walda da idanunsu suka sha hasken wuta shekara da shekaru, akwai masu amalanke da suka san kowane rami tsakanin fadamar rake da bakin kasuwa, akwai dattawan da suka ga yadda gara ke cinye rufin ɗaki. Abin da suka gani da idonsu ba zan ƙaryata ba. Hukuncin da suka yanke a kai ne nake ganin ya yi faɗi da yawa, kuma ina neman izininsu in kawo dalilina.

Abin da ya tayar da zancen wata ’yar tirela ce da ake yi a Amurka, wadda masu ita ke kwatanta siffarta da ɗigon hawaye: gabanta a kumbure, bayanta ya zubo ƙasa a hankali. Ta fara yaɗuwa a shekarun 1930, lokacin da fatara ta kama mutanen can, mujallun masu aikin hannu suka riƙa buga zanenta don kowa ya haɗa tasa a gida. Bayan yaƙin duniya na biyu ta ƙara samun karɓuwa, domin rarar kayan soja ta yi arha, ana tsintar tayoyin jif da fallayen alminiyon na jiragen sama. A 1947 mujallar Mechanix Illustrated ta buga wani zane da mutane da yawa suka kwaikwaya. Girmanta na asali ƙafa 4 a faɗi, ƙafa 8 a tsawo, wato daidai girman fallen filawud guda. Cikinta katifa ce ta mutum biyu, ba a miƙewa tsaye. Bayanta murfi ne da ake ɗagawa sama, a ƙarƙashinsa ga wurin risho da tukwane. Da yawansu nauyinsu bai kai kilo 450 ba, ƙaramar mota ma tana jan su. Gindinta ƙarfe ne, amma ɗakin da ke bisa katako ne, kuma har yau akwai masu yin haƙarƙarin murfin da dajiyar gefe da itacen da aka turara aka lanƙwasa.

Na san za a ce mu ba mu da al’adar fita daji yawon hutu. Mai kwana a daji a wurinmu makiyayi ne, ko mai gadin gona, ko falke. Haka ne, ni ma ba yawon hutu nake talla ba. Abin da ya shafe mu a tirelar nan shi ne shaidar da take bayarwa: ɗaki na itace mai lanƙwasa yana bin mota a guje, ɗaruruwan kilomita, kuma yana shekaru bai wargaje ba.

Bari in fara biyan masu walda haƙƙinsu. Aksul ƙarfe ne, wurin da taya ke juyawa ƙarfe ne, mahaɗin da ake sarƙafa tirela a bayan mota ko babur ƙarfe ne, kuma duk wanda ya ce a yi waɗannan da katako yana wasa da rayukan mutane. Amalanken da zai ɗauki bulo ko yashi ko ganga biyu ta ruwa, shi ma gindinsa na son ƙarfe. A nan babu jayayya tsakaninmu. Jayayyar tana daga dandamali zuwa sama: gefe, rumfa, murfi, duk abin da aikinsa rufewa ne da tsare kaya ko mutum daga rana da ƙura.

A ganina, yadda amalanke ya shigo mana shi ya haifi wannan imani. Kakanninmu jaki suka sani da raƙumi da takarkari, da mangala da taiki. Amalanke mai tayar roba bai game karkarar Damagaram ba sai daga shekarun 1970, zamanin aikin raya karkara da ake kira 3M, wato Matameye da Magarya da Mirriya, lokacin da ake ba manoma garmar shanu da amalanke bashi. Masana’antu irin UCOMA a Damagaram da ACREMA a Tawa, da takwarorinsu na Maraɗi da Doso, su ne ke ƙera kayan, kuma sana’arsu yankan ƙarfe ce da walda. Daga wannan ƙira masu walda na gari suka ɗauki samfuri, yaransu suka gada. Wanda ya buɗe ido ya ga abu da siffa ɗaya tak, dole ya ɗauka siffar ce kaɗai ke yiwuwa. Sai dai ko a wancan zamanin akwai abin da ke wucewa a gaban kowa yana ƙaryata maganar. Gyaɗar da ake kaiwa masana’antar mai ta Matameye, da wadda ake gangarawa da ita Kano, a cikin me take tafiya? A bodin katako. Har gobe manyan motocin da ke kwasar shanu daga kasuwannin iyaka irin Mai’aduwa zuwa kudancin Najeriya, da yawansu bodinsu katako ne, kafintoci suka haɗa da kusoshi da noti, bijimai na jingina da shi kwana da kwanaki. Shi kansa amalanken da ake yabo, dandamalinsa ai falankai ne. Ashe an yarda katako na hawa hanya. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne ya lanƙwasu.

A nan ne ake jawo karin maganar nan, wai icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, a nuna cewa katakon da ya riga ya zo hannun kafinta lokacinsa ya wuce. Ni kuwa shaida na ɗauke ta a gefena. Wanda ya fara faɗinta mutum ne da ya saba tanƙwara icce, ya san ranar da yake yarda da ranar da yake ƙi. Kuma irin wannan mutum bai ƙare a ƙasarmu ba. Mai ɗaura tsaikon ɗaki da tanka yana zagaya tsumagu har su haɗe da’ira. Maharbi ya san itacen da ke yin baka. Makiyayi in ya sari sanda mai karkata, yakan gasa ta a bakin wuta ko ya tura ta cikin toka mai zafi, ya danna ta a gwiwa har ta miƙe, kuma ta zauna a miƙe. Buzayen Abzin da saiwar itace suke yin bakunan bukkarsu ta tabarmi, su ɗumama ta, su lanƙwasa, su bar ta ta bushe a haka, raƙumi ya yi ta yawo da ita shekaru. Ko rariyar tankaɗe da ke rataye a kowane madafi, zoben da ke riƙe ragarta siririn katako ne da aka naɗe. Ilmin yana hannunmu, kafintan gari ne kawai ya daina kallonsa a matsayin aikinsa tun da zarto da ƙusa suka zo.

Ga abin da ke faruwa a cikin itacen. Jikinsa tarin zaruruwa ne da ke tafiya daga gindi zuwa sama, an manne su da wani danƙo da masana ke kira liginin. In akwai ruwa a jikin itacen kuma ya ji zafi kusan na tafasa, danƙon yakan yi laushi, zaruruwan su sami damar sauya zama. In ya huce ya bushe a sabuwar siffar, danƙon ya sake daskarewa ya riƙe su a wurin. Zafi shi kaɗai ba ya isa, domin busasshen itace in ya ji wuta ƙonewa yake yi. Ruwan sanyi shi kaɗai ma ba ya isa ga sanda mai kauri. Tururi ne ke kawo su biyun a tare, kuma muddin an bar masa kafar fita ba ya wuce digiri 100, saboda haka ba ya ƙona komai.

Duk matar da ta taɓa ɗora madambaci ta san dabarar: ruwa na tafasa a ƙasa, abin da ake so ya yi laushi yana sama, tururi na ratsa shi. Kafinta zai haɗa dogon akwati na katako, siriri, wanda ya ɗan fi sandunan tsawo. A ciki ya gitta ’yan turaku don sandunan su zauna a sama, tururi ya kewaye su ta ko’ina. Ya ɗora babbar tukunya ko garwa mai murfi a murhu, ya ja tiyo daga murfin zuwa akwatin. Akwatin ya ɗan karkata don ruwan da ya taru ya zube, kuma a huda masa kafa, domin tururin da aka toshe wa hanya hatsari ne. Ƙa’idar da masu wannan aiki ke bi a ko’ina ita ce awa ɗaya ga kowane inci na kauri, wato santimita 2.5. Sandar rumfa mai kaurin santimita 2 ba za ta cika awa ba. Kafin a ciro ta, an riga an shirya allon da aka zana bakan a kai, an kafa turaku a bin zanen. Daga buɗe akwati zuwa gama lanƙwasawa bai kamata a wuce minti ɗaya ko makamancinsa ba, don itace na saurin hucewa. Aiki ne na mutum biyu da safar hannu mai kauri, kowa ya san inda zai kama tun kafin a buɗe. Ana ɗan zarce lanƙwasar da ake so, saboda in an kwance sandar takan ɗan koma baya. Sai a bar ta ɗaure a inuwa kamar mako guda.

Akwai abu ɗaya da ke raba wanda ya dace da wanda ya tara karyayyun sanduna, kuma ina zaton rashin saninsa ne ya sa waɗanda suka taɓa gwadawa suka fita da rantsuwar cewa ba ya yiwuwa. In ana lanƙwasa sanda, bayan bakan miƙewa yake yi, cikinsa kuma matsewa. Itace mai zafi yana jure matsi ƙwarai, har kashi 25 cikin ɗari ko fiye, amma jan da yake jurewa bai wuce kashi 1 ko 2 ba kafin ya tsage. Shi ya sa kullum daga baya yake fashewa. Maganin shi ne a ɗora masa ɗamarar ƙarfe siririya a bayan, mai tokare a ƙarshenta biyu, yadda bayan ba zai sami damar miƙewa ba, dole duk lanƙwasar ta koma matsi a ciki. Wanda ya mayar da wannan dabara babbar sana’a wani kafinta ne Bajamushe, Michael Thonet, haifaffen garin Boppard a 1796, wanda ya koma Viyana a 1842. A 1859 ya fito da kujerar da ake kira lamba 14: itace 6 da aka turara, sukurori 10, noti 2, shi ke nan. Kujera 36 a warware suna shiga akwati mai mita ɗaya ta kowane gefe, a yi jigilarsu a jirgin ruwa, a haɗa a inda aka sauke. Kafin 1930 an sayar da kimanin miliyan 50. Kujerar gidan shayi ce, wadda ake ja a ƙasa ana jingina da ƙafa biyu, kuma akwai na ƙarni na 19 da har yanzu ake zama a kansu. A lura kuma, ɗamarar nan maƙeri ko mai walda ne zai yi ta. Ko a tsakiyar aikin itacen ba a rabu da su ba.

Me ya sa ba za a yanko bakan kawai daga faffaɗan katako da zarto ba? Kafintoci da yawa haka suke yi, kuma daga nan ne mummunan sunan ya samo ƙarfi. In ka yanko siffar jinjirin wata daga miƙaƙƙen falanki, zaruruwan na nan a miƙe, kai ne ka datse su. A ƙarshen bakan biyu sai ka tarar guntayen zaruruwa ne kawai ke riƙe da juna, rami ɗaya ya isa ya raba su. Wanda ya ga wannan karaya sai ya ce katako ne ba shi da ƙarfi. Masassaƙi ya fi kowa sanin gaskiyar lamarin. In zai yi ƙotar fartanya ko ta gatari ba ya sassaƙo gwiwar daga miƙaƙƙen gungume, yawo yake yi har ya sami wurin da reshe ya rabu da uwa, inda zaruruwan da kansu suka juya. Ƙota irin wannan takan ga bayan ruwan fartanya biyu ko uku. Turarawa hanya ce ta samun wannan juyi a duk inda kake so, da yawan da kake so, ba sai ka jira itace ya yi maka ba.

Sai maganar nauyi, wadda jaki ne ya fi kowa sanin ta amma ba a tambayarsa. Ƙarfe mai cikin mita ɗaya ta kowane gefe yana kai kilo 7,850. Itace mai tauri, busasshe, tsakanin 600 ne da 800. Wato da nauyin siririn rodi za ka sami sanda mai kauri sosai, kuma taurin sanda a kan kaurinta ya rataya: in aka ninka kauri sau 2, ƙin gantsarewarta yakan ninku aƙalla sau 8. Ƙasarmu kuwa rairayi ce. Jan taya a cikin yashi ya fi jan ta a kwalta wuya sau goma ko fiye, saboda haka kowane kilo da aka ƙara a rumfa, ko dai an rage shi daga kayan da za a ɗauka, ko an ɗora shi a wuyan dabba. Mutanen Masar sun gane haka tun da daɗewa. Da aka buɗe kabarin Fir’auna Tutankamun a 1922 an sami kekunan doki 6, masu shekara fiye da 3,300, kuma sandar jansu da da’irar ƙafafunsu da bangon da mahayi ke tsayawa a ciki duk itace ne da aka lanƙwasa da zafi, aka ɗaure da ɗanyar fata. Kekuna ne na gudu a kan ƙasa mai yashi da tsakuwa. A zamanin inji ma, jirgin yaƙin Ingila mai suna Mosquito da ya fara tashi a 1940, jikinsa katako ne, kafintocin kujeru da kabad suka yi aikinsa, kuma yana cikin mafi gudu a lokacinsa.

Ga kuma zafi. Ƙarfe yana ratsar da zafi fiye da itace sau ɗaruruwa. Wanda ya taɓa ɗora hannu a gefen amalanke da azahar a watan Afrilu, rana na sama da digiri 40, ba ya bukatar lissafi. In buhu za a ɗauka, wannan ba komai ba ne. In mace mai naƙuda ce za a kai asibiti daga ƙauye, ko tsoho marar lafiya, to akwai bambanci tsakanin kwanciya a ƙarƙashin kwano da rodi da kwanciya a ƙarƙashin bakan itace da tabarmar kaba.

Mai walda mai basira zai ce, ai ni ma ina da siririn fayif mai rami, ba shi da nauyi. Wannan amsa ce mai ƙarfi, kuma a wurare da yawa ita ce daidai. Sai dai fayif mai rami in ba injin lanƙwasawa yakan noƙe a gwiwa, don haka akan yanka shi gunduwa-gunduwa a yi ta walda. Girgizar hanyar burji kuwa bakin walda take nema, a nan tsaga ke farawa, kuma tsatsa na cin fayif daga ciki inda fenti ba ya kaiwa. Bayan haka walda wuta take so. Ba mu manta da Agustan 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, aka kuma rufe iyaka. Yankin Damagaram da Maraɗi daga layin Katsina zuwa Gazawa yake shan wuta. Watanni aka yi ana fama, ƙarfen da mafi yawansa daga waje yake zuwa ya yi tsada, janareto na cin mai. Sana’ar da tukunya da murhu da karan gero suka isa su tafiyar da ita tana da amfani a irin wannan rana, ko da a ce a sauran ranaku kunnen doki suke yi da walda.

Gara fa? Gara daga ƙasa take hawa, tana son abin da ya zauna wuri ɗaya yana taɓa ƙasa ko bango. Abin da ke bisa tayar roba, yau yana nan gobe yana can, ba shi ne abincinta na farko ba, sai in an yasar da shi a bayan gida damina guda. Ƙwaron da ke huda itace daga ciki yana zubo gari ya fi ta zama abin tsoro, kuma a nan turarawa na da wata riba ta gefe. Ƙa’idar duniya ta katakon ɗaure kayan fatauci ta ce a dafa shi har cikinsa ya kai digiri 56 na minti 30 don kashe ƙwari da ƙwayayensu. Sandar da ta yi kusan awa a cikin tururi ta wuce haka nesa. Wannan ba zai hana sabon ƙwaro zuwa ba, fenti da mai ne aikinsu ke nan, amma ta fito da tsabta. Ruɓa kuma tana bukatar itace ya daɗe a jiƙe, mu kuwa ruwanmu na wata uku ne zuwa huɗu. Babban abokin gaban katako a Matameye hunturu ne. Iskar na tsotse shi har ya ƙanƙance, mahaɗai su saki, ƙusa ta riƙa rawa a raminta. To mahaɗin ne ke ciwo, kuma bakan da aka turara daga wannan gefe zuwa wancan ba shi da mahaɗi ko ɗaya a tsakiya. Ƙarshensa biyu kawai za a ɗaure da noti, wanda ake iya ƙara matsewa in sanyi ya shigo.

Inda masu musu suka fi gaskiya shi ne a kan katakon kasuwa. Falankan da ake kawowa daga kudancin Najeriya ba don lanƙwasa aka yanke su ba. Zarto ya bi yadda ya ga dama, zaruruwan sun fita ta gefe, ga kulli, ga shi sun sha rana a hanya har sun bushe ƙayau. Irin wannan in ka turara shi ma zai ba ka kunya. Itatuwan Turai da Amurka da suka yi suna a wannan aiki ba su tsirowa a nan, kuma dangin maɗaci, masu zaruruwa a sarƙe, ba su cika yarda ba. Saboda haka ba kowane itace ba ne, kuma karin maganar ta yi gaskiya a nan: wanda bai daɗe da sarewa ba, mai sauran ruwa kamar kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari, shi ya fi ba da haɗin kai. Wanda ya bushe a inuwa sai a jiƙa shi kwanaki kafin a turara. Kuma a tsaga shi da gatari ya fi a yanka da zarto, domin tsaga na bin zare da kanta. Wurin da ya kamata a fara nema shi ne itatuwan da iyayenmu suka riga suka tantance: geza a inda ake samunta, dargaza ta masu baka da sanda duk da ta yi ƙaranci a gonaki, magarya, aduwa, sai miƙaƙƙun rassan dogon yaro da suka cika gari. Itacen turare yana da miƙewa amma yana son tsagewa in yana bushewa. Itacen da ya ƙi, akwai wata hanya: a yanka shi fallaye sirara, milimita 3 zuwa 5, a shafa gam, a jera su a kan bakan a matse. Thonet da haka ya fara a shekarun 1830, gam ɗin zamaninsa ne ya riƙa saki a ƙasashe masu zafi da laima har ya koma turarawa. Yau akwai gam da ruwa ba ya kwancewa, sai dai saye ake yi.

Hujja mafi nauyi ita ce ta masu cewa ƙasar da hamada ke bi ba ta da itacen da za ta ba kafinta. Ba na raina wannan magana. Ana ba da labarin yadda Sarkin Damagaram Tanimu ya tsananta hukunci a kan mai saran gawo, kuma waɗanda suka ga farin 1973 da na 1984 suna da dalilin tsoro. Amma a dubi gonakin Matameye yau. Sassaben zamani, inda manomi ke barin tohon kututture ya zaɓi biyu ko uku ya rene su, ya mayar da itatuwa kimanin miliyan 200 a kan hekta wajen miliyan 5 a Nijar, kuma yankin 3M na cikin inda abin ya fi bayyana, da gawo a kusan hekta miliyan guda. Gawon kansa ba na wannan aiki ba ne, jikinsa ba tauri, ƙwaro na sonsa, kuma amfaninsa a tsaye ya fi. Amma shi sassaben kowace shekara yana fitar da sanduna, domin rage rassa na cikin renon, kuma mafi yawansu murhu suke tafiya. Rumfar amalanke ba gungume take so ba, sanduna 6 ko 7 ne masu kaurin ƙotar fartanya. Yanko baka daga faffaɗan falanki kan zubar da fiye da abin da aka yi amfani da shi, turarawa kuwa kusan ba ta da ɓarna. Dokar gandun daji ta 2004 tana nan, akwai itatuwan da ba a taɓawa sai da izinin ma’aikatan gandun daji, kuma dokar da gwamnati ta fitar a Yulin 2020 ta amince da haƙƙin manomi a kan itacen da ya rena a gonarsa. Manomin da ya san miƙaƙƙiyar sandar magarya na da mai saye da farashin da ya fi na itacen girki, zai bar ta ta ƙara shekara biyu.

Ba na tsammanin wani zai kwafo tirelar Amurka sak a Matameye, babu ma bukata. Abin da za a ɗauka shi ne gindi na ƙarfe daga mai walda, ɗaki mai baka daga kafinta. Ɗan koli mai bin kasuwannin ƙauye zai so murfin bayan nan da ake ɗagawa, ya zama rumfa da kanti a lokaci guda, in dare ya yi masa ya kulle kayansa ya kwana ciki. Ƙauyen da ke da amalanken kai marasa lafiya zai so rumfar da ba ta gasa mutum, tabarma a ciki, tamfol a waje. Gwajin kuma ba shi da tsada. A sami sanduna na magarya da aduwa da dogon yaro, kowane iri kaɗan, a turara su rana ɗaya, a rubuta sunan kowace a jikinta. A ɗaura su a amalanken da ke jigilar rake, mai walda ya yi ɗamara da maɗaurin, kafinta ya yi bakan. A bar su su sha hunturu da bazara har ruwan farko ya sauka, sannan su biyun su zo su duba wacce ta tsage, ta wane gefe, kuma noti nawa suka saki.